Jarmaki Mai Ƙafa Shida

A jikin kwali Haulatu ta fara ganin dabbar, kafin ta ga mai ita.

Ranar ta zo taya mahaifinta, Alhaji Kailu, zaman shagon atamfa a kasuwar Treichville, sai aka sauke musu kaya daga Adjamé. A gefen kwali ɗaya an zana wata halitta da biro: ƙafa shida, wuya kamar na raƙumi, tana ɗauke da bukka a gadon baya.

"Wa ya yi wannan?" ta tambaya.

Saurayin da ya rako kayan ya sosa ƙeya. Badaruddeen ke nan, ɗan Kano, shekara biyu da zuwansa Abidjan yana aiki a wurin kawunsa mai shigo da shadda. Ya saba a ce masa ya daina ɓata kwalin mutane, har ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri.

"Me take ci?" in ji Haulatu.

Ya ɗago ya dube ta. Tun da yake zane ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya.

"Ban taɓa tunani ba."

"C'est pas sérieux, wannan ai wasa ne. Ka halicci dabba ka bar ta da yunwa? Ka ba ni ita, ina da mutanen da ba su da abin hawa."

Ashe ita ma tana da nata ciwon. Tun tana makaranta take rubuta labarin wata al'umma da ta ƙirƙira, Lakawa, masu zama cikin laka a bakin wani tafki da babu shi a duniya. Tana da sarakunansu da waƙoƙinsu da yadda suke binne mamaci, duk a cikin wani baƙin littafi da take kira kaye. Bawan Allah ya koma Adjamé a woro-woro, tasin da ake cikawa da fasinja, yana murmushi shi kaɗai, har matar da ke kusa da shi ta matsa.

Suka raɗa wa dabbar suna jarmaki. Daga nan littafin ya zama ɗan aike: mako guda a Treichville tana rubutu da Faransanci, mako guda a Williamsville, unguwar da yake zaune, yana zane, yana fassara bayanin da Hausa a ƙasa. Suna musu sosai. Ita ta fi shi tsauri, ba ta yarda da halittar da ba a san inda take shan ruwa ba.

"Gimbiyar Lakawa, na ƙara wa jarmaki ƙaho," ya rubuta mata a waya wata safiya.

"Ɗan Najeriya, goge shi. Da ƙaho ta yaya zai shiga rumfarsa?"

"An goge. Amma ina da tambaya kan al'ada. Idan baƙo yana son 'yar Lakawa, yaya yake yi?"

Ta daɗe tana kallon wayar, don ta san ba Lakawa ake nufi ba.

"Ban rubuta wannan babin ba tukuna, mon cœur, zuciyata. Amma a Treichville manya ake turowa."

Ya turo kawunsa, Alhaji Mika'ilu. Aka karɓe su da mutunci, aka ce a ba su lokaci su yi bincike, kamar yadda aka saba.

Wanda ya fi kowa zafin binciken nan shi ne Abduljalil, ɗan aminin Alhaji Kailu, wanda ya daɗe yana ganin Haulatu tasa ce ba tare da ya tambaye ta ba. Ya nemi aibun Badaruddeen a Adjamé bai samu ba, sai ya samu littafin a ƙarƙashin teburin shago. Ya kai wa Alhaji, ya zaɓi shafi, ya karanta Hausar da ke rubuce da hannun saurayin:

"Suna: Jarmaki. Mazauni: bakin ruwa. Abincinsa: zuma da ɗanyen kifi. Ya tsani jan ƙyalle. Ranar Laraba yake fitowa. Idan ya fusata, a yi masa kiɗan ƙwarya."

Alhaji Kailu mutumin Tawa ne, ya girma a unguwar da ake bori. Suna, gida, abin da ake ba shi, launin da ya tsana, kiɗan da ke saukar da shi: ya san irin wannan lissafi, kuma ya san masu yin sa. Ga halittu arba'in a jere, kowace da siffarta.

"Baba, wallahi ni na ƙirƙire su," in ji Haulatu tana kuka.

Maganar nan ta ƙara dagula lissafi. Mahaifiyarta, Hajiya Tsahara, ta ɗora hannu a ka, ta ce ai shi ke nan, saurayin ya riga ya gama da yarinyar da asiri. Aka fara yi mata hayaƙi da rubutun sha. Alhaji ya kulle littafin a shago, ya ce ranar Juma'a malam zai ƙona shi, kayan gaisuwa kuma a mayar.

"Sahibata, ki ci abinci," Badaruddeen ya rubuta. "Idan ƙona shi zai kwantar wa Baba hankali, a ƙona."

Ranta ya ɓaci. "Shekara tara nake rubuta shi. Abin bai dame ka ba ke nan?"

"Ya dame ni, har na kasa riƙe fensir. Amma Lakawa suna cikin kanki, zan sake zana su duka. Ke ce ba zan iya sake samu ba."

Ta karanta sau uku, ta yi kuka mai daɗi, sannan ta ci tuwo.

Ranar Alhamis Alhaji Kailu ya aika a kira Badaruddeen ya zo shago, don ya sallame shi ido da ido. Haulatu na bayan tulin atamfa tana yin kamar tana ninki. Littafin na kan tebur a buɗe, abin da ya nuna wani ya yi kwana uku yana leƙawa.

"Samari, ba ni ba ka ɗiyata," in ji Alhaji. "Amma kahin ka tahi, hwaɗa mini, wa ya ɗaura ma wagga dabba kaya?"

"Ni ne, Baba."

"Na sani. Wanda bai taɓa bin ayari ba." Ya danna yatsa a kan bukkar. "Ina da shekara sha biyar nike jan raƙuma da gishiri. Ka aza nauyi bisa ƙugu, igiya guda, babu akumari ƙarƙashin kayan. Kahin azahar bayanta ya ɗaye. Kuma cikin laka, da wannan siririn kofato? Nutsewa za ta yi."

Maimakon ya kare kansa, Badaruddeen ya zaro fensir da abin gogewa daga aljihu. "A ina ya kamata ya zauna, Baba?"

"Nan, tsakanin ƙafafun tsakiya."

Ya goge bukkar, ya matso da ita. Ya goge kofato, ya faɗaɗa tafin kamar faifai. Alhaji ya jawo kujera. Ya sa aka ƙara igiya, aka rage wuya, ya yi faɗa a kan wutsiya. Mata biyu suka zo sayen atamfa suka gaji da sallama suka tafi.

Can Alhaji ya tsaya yana kallon ɓurɓushin abin gogewa a kan teburinsa.

"Ka goge mishi ƙahwa, kuma bai yi maka komi ba."

"Ba ya iyawa, Baba. Haulatu ce ke ba shi rai, ni kuma na ba shi jiki."

"Na ga masu iskoki da yawa," in ji tsohon a hankali. "Ban taɓa ganin wanda ya bari aka gyara mishi aljani ba." Ya juya wajen tulin atamfa. "Hito, ɗiyata, na san kina nan. Wannan duk daga kanki?"

"Eh, Baba."

Kunya ta kama shi, da wani alfahari da bai san inda zai ajiye ba. Shekara tara yarinya na gina ƙasa guda a cikin gidansa bai sani ba, sai baƙo daga Kano ne ya gani. Ya rufe littafin ya miƙa mata da hannu biyu.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu a Treichville. Abduljalil bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaya. Da za a kai amarya Williamsville, Haulatu ta durƙusa gaban mahaifinta tana hawaye, shi kuma ya kira angon ya haɗa hannuwansu.

"Na ba ka ita don kana karɓar gyara, kuma ka san darajar abin da ke cikin kanta, wanda ni ubanta na kusa sa ma wuta. Kada ka bari ta daina rubutu. Allah Shi yi muku albarka, Shi ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," suka ce tare.