Hannun Hagun Yusha'u

Rauda na durƙushe a tsakar gida tana tace waken awara sa'ad da mahaifiyarta ta yi sallama, yayanta Kailani na biye da ita. Tun daga Gyallesu suke, kuma fuskar Inna kaɗai ta gaya mata ba ziyara ce ta kawo su ba.

"Haɗa kayanki da na 'yarki Bahijja," Inna ta ce. "Wata bakwai ke nan kina ciyar da ƙato."

"Inna, don Allah ki sassauta murya, yana ciki."

"Ya ji mana," in ji Kailani. "Tun farko mun ce makaɗi ba mijin aure ba ne. Yanzu kiɗan ma babu."

Yusha'u, mijin Rauda, jita yake kaɗawa tun yana sakandare. Mawaƙin da zai shiga situdiyo a Zariya shi yake nema, masu biki kuwa sai sun jira ranar da yake da sarari. Da jitar nan ya yi aure, da ita ya kama musu ɗaki biyu a Tudun Wada. Ranar wata Laraba mota ta buge shi a kan mashin a Kwangila. Ya tashi, amma yatsu uku na hannun hagu — hannun da ke danna tsirkiya — sun sandare. Likita ya ce ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.

Hawayen Rauda na ɗiga cikin roba. "Da yana da lafiya bai taɓa barina da yunwa ba. Ku yafe mini, ba zan iya tafiya ba."

Inna ta gyara mayafi. "To kada ki ƙara tako mini gida."

Da suka fita Rauda ta tarar da Yusha'u a ɗaki, biro a hannu, takarda a cinya.

"Gaskiya suka faɗa, Rauda. Gara in sallame ki. Ko maɓallin riga ba na iya sawa."

Ta fizge takardar. "Abban Bahijja, da wane hannu za ka rubuta?"

"Da dama mana."

"Ashe na dama yana aiki. To shi ya danna tsirkiyar, na hagun ya kaɗa. Babban yatsa da manuniya ai suna motsi."

Ya yi wata dariya mai ɗaci. "Kin san me kike faɗa? In zubar da shekara goma sha biyar, in koma ɗan koyo?"

"Ka koma. Ni zan riƙe gida."

Ya kwance tsirkiyoyin ya juya su. Abin da ke fitowa da farko ba ya sauraruwa. Maƙwabta har kwaikwayonsa suke yi ta katanga. Yatsunsa suka tsattsage. Wata rana ya jefar da jitar ya kifa kai yana kuka kamar yaro. Rauda ta ɗauko, ta goge, ta mayar masa a cinya, sannan ta koma bakin kasko. Zannuwan lefenta suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ranar Sallah ta je gaida Inna, Inna ta kau da kai. Ta dawo a ƙasa tana share ido da gefen hijabi.

Sai bayan shekara ɗaya da rabi ya iya zuwa situdiyon Evans, tsohon abokin aikinsa a Tudun Jukun. Ya kaɗa minti biyu. Evans ya cire abin kunne ya daɗe yana kallonsa.

"Maigida, wannan salon ban taɓa jin sa ba. Gobe akwai rikodin, ka zo da wuri."

Aiki ya dawo, har daga Kaduna ake kiransa. Ranar da Rauda ta haifi ɗa namiji, Inna ce ta fara isowa. Ta karɓi jaririn ta ce, "Da kin bi maganata, da na cuce ki. Allah Ya yi muku albarka."

Iyaye kan yi kuskure ne saboda tsoron kada 'ya'yansu su wahala. Rauda ba ta taɓa ɗaga wa mahaifiyarta murya ba, ba ta kuma guji mijinta ranar da ya rasa komai ba. Haƙurin nan ne ya bar mata su duka biyun.