Ƙwaya Biyu Kowace Safiya

"Ba zan ba ki ba, Auta."

Ta ɗago ta dube shi. Shekara biyu suna soyayya da mai kemis ɗin nan, bai taɓa ce mata a'a ba.

"Katin maganin ciwon kai ɗaya fa na ce!"

"Na huɗu ke nan a satin nan. Safe biyu, rana biyu... Kin ga idonki kuwa?"

"To kan naka ne ko nawa?"

"Nawa ne mana. Da ke da kan duk ni zan aura."

Ba ta yi dariya ba. "Ka nemi mai lafiya," ta ce, ta fice tana share hawaye.

Tun da ɓarin jikin Umma ya shanye, Auta ce wankanta, ita ce juya ta, sannan ta hau keken ɗinki har yamma. A nan ciwon kan ya samo asali. Yanzu da shi take farkawa. Abin da ba ta gaya wa kowa ba, haka na Abba ya fara kafin a gano ƙari a kansa. In ta kwanta, wa zai ɗaga Umma?

Da la'asar sai ga sallamarsa. Ya durƙusa ya gaida Umma, bai kai ƙarar kowa ba.

"Ɗana, jawo durowar keken can," in ji Umma.

Fankon katin magani ne cike har baki.

"Umma..."

"Jikina ne ya shanye, Auta, ba idona ba. Gobe ku tafi asibiti."

Likita ta daɗe tana duba hoton kan, Auta kuwa ta damƙe gefen kujera.

"Babu ƙari, ƙanwata. Maganin ne ke kawo ciwon. Da ya sake ki sai kan ya nemi wani. Za ki daina, amma kwanakin farko sai kin daure."

Auta ta kifa kai ta fashe da kuka.

Ta kuwa ji jiki. Amai, jiri, ɗaki a rufe, tsumma mai sanyi a goshi. Ya kawo yayarsa ta karɓi hidimar Umma, shi kuma kullum da azahar ya rufe kanti ya zo ya zauna a bakin ƙofa.

Rana ta biyar ta kira shi da ƙyar.

"Masoyi... ko rabin ƙwaya, don Allah."

Sai ta ji yana jan hanci.

"Ki zage ni, zuciyata. Ina nan, ba inda za ni."

Ta zage shi kuwa, har Umma ta yi dariya daga gadonta.

Cikin sati na uku ta farka ta ji kanta sakayau. Ta juya shi dama, ta juya hagu. Babu komai!

Da ya zo, a tsaye ya same ta.

"Ka yafe min abin da na ce a kanti. Amma ka sani, ba zan bar Umma ba."

"Wa ya ce ki bar ta? Tun watan jiya na sa kafinta ya faɗaɗa ƙofar ɗakin gabas na gidana, kekenta na marasa lafiya ya shiga ba sai an ɗaga ta ba."

Auta ta rufe fuska da mayafi.

Daga ciki Umma ta ɗaga murya: "To me kuke jira? Ku turo manya a sa rana!"