Mai Famfo a Hanyar Kusada

Almuru ya riski Nata'ala, malamin gona, tsakanin Kankiya da Kusada, tayar keken da ya saya shekarar ƙarin albashin Udoji ta sace. Wani mai keke ya kaɗa masa ƙararrawa, ya tsaya.

"Sannu, Malam. Ga famfo."

Nata'ala ya tsuguna yana buga iska, yana kau da kai saboda warin mushen da ke tashi daga rigar mutumin.

"Bari in sa yawu, ko bawul ne ke yoyo," in ji Nata'ala.

"Huta, Malam."

Mutumin ko sunkuyawa bai yi ba. Harshensa ya zuro, baƙi ƙirin, yana yauƙi, ya gogi kunnen Nata'ala, ya lashi bawul.

"Lafiyarsa lau," in ji mutumin, harshen kuwa yana nan kan taya.