Murfin Da Ba A Buga Wa Ƙusa Ba

"Hita! Na ce ka hita daga ɗakin ga!"

Muryar Mama ce ta cika ɗakin asibitin, har matar da ke jinya a gadon gefe ta saki cokali.

Habila na tsaye da ledar lemu a hannu ɗaya. A ɗaya hannun kuwa tef ɗin awo ne, ya jawo shi zar, daidai gefen gadon da Babana yake kwance da hawan jini.

Ni, Afiniki, na san abin da ya faru. In kunya ta kama Habila, hannunsa da kansa yake tafiya ƙugu, ya zaro tef, ya sake shi ya koma, ya sake zarowa. Ranar da ya fara ce mini yana sona sai da na ƙwace tef ɗin na zauna a kai, sannan maganar ta fito. Amma Mama ba ta san wannan ba. Abin da ta sani kawai shi ne sana'arsa.

Habila kafinta ne, kuma shi yake yi wa ikilisiyarmu akwatin gawa.

"Awo kaz zo yi?" Mama ta dafe ƙirji. "Mijina bai mutu ba, ka taho ka auna shi?"

"Mama, ki yi haƙuri... ban ma san na zaro shi ba..."

"Ai na hwaɗa miki, Mama," in ji Filibus daga bakin ƙofa.

Filibus shugaban matasan majami'armu ne, yana aiki a wani ofis a Sama Road, kuma ya daɗe yana zarya gidanmu da turare da murmushi. Shi ya yi ta zuga Mama cewa mai akwatin gawa ba ya zuwa dubiya don Allah.

Baba ya buɗe ido a hankali. Dattijo ne a ikilisiya, ba ya ɗaga murya, shi ya sa maganarsa take da nauyi.

"Ka gama awon?"

Habila ya durƙusa. "Baba..."

"Tashi ka tahi. Zancen Afiniki kuma ka bar shi nan inda ka tsaya."

Ledar lemun ya ajiye a ƙasa ya fita. Ba wanda ya taɓa ta har lemun ya ruɓe.

Baba ya warke, ya koma gida unguwar Minanata, amma zuciyarsa ba ta warke ba. Dangin Habila sun riga sun kawo gaisuwar neman aurena, sai aka mayar musu da ita. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na turo Fasto, na turo matan zumunta. Baba kalma ɗaya yake maimaitawa, a'a.

Ni kuwa taurin kaina nasa na gado. Duk ranar da na tashi daga makarantar da nake koyarwa, sai na hau keke napep na nufi Dundaye.

A can rumfarsa take, bayan gari, don babu mai gidan da zai yarda a jera masa akwatin gawa a ƙofa. Maƙwabtanmu Musulmi likkafani da makara sun ishe su, yawancinsu ko ganin abin ba sa so. Mutum ɗaya ne ya raba rumfa da shi, Malam Tukur, tsoho mai yin ƙofofi da tagogi. In lokacin salla ya yi Habila ke tsare masa kaya, ranar Lahadi kuma shi yake tsare na Habila.

"Ga amaryarmu ta taho," Malam Tukur yakan ce. "Habila, aje guduma kar ka buge yatsa."

Rannan na tarar da shi yana gama wani ɗan ƙaramin akwati. Raina a ɓace yake, na zauna a kan katako na zuba masa ido.

"Ka bar sana'ar ga, Habila. Ka koma yin kujeru. Baba zai sauko."

"In na bari, wa zai yi musu, Afi?"

"Ni ban damu ba. Ni kai ni ka so."

Ya yi murmushi, ya ɗaga murfin akwatin, ya mayar, ya sake ɗagawa. Da ƙarfe irin na ƙofa ya maƙala shi, yana buɗuwa ba ko ƙara.

"Kin taɓa ganin na buga ƙusa ga murhi?"

"Mi ya dame ni da ƙusa?"

"Sahibata, ai nan zancen duka yake. Mutane suna cewa mutuwa ni ka yi wa aiki. Ni kau ƙohwa ni ka yi. Yesu da kainai an sa shi kabari an rufe da dutse, bai zamna ba. Wanga yaro ma ba zama zai yi ba. In an kira sunanshi ranar tashi, don mi za shi iske na kulle shi?"

"Kai dai ka iya wa'azi."

"Ba wa'azi ba na. In ban yarda da wanga ba, da tuni aikin ga ya haukata ni."

Ya rufe murfin a hankali, ya dafa shi da tafin hannu.

"Sai da sahe," ya ce wa akwatin. Haka yake yi wa kowanne.

A bayan rumfar akwai wasu katakai masu kyau, jajaye, ya lulluɓe su da leda. Na gadon aurenmu ne. Na sha gaya masa iyayen amarya ke kawo gado, shi kuma ya ce ba matarsa da za ta kwana a kan aikin wani kafinta.

Bazarar shekarar ta zo da zafi mai gasa mutum, ta kuma zo da sanƙarau. Aiki ya yi wa Habila yawa, mafi yawa ƙananan akwatuna. Ba ya tsayawa a rumfa, shi yake kai su har gida, shi yake taya iyaye ɗaukar 'ya'yansu.

Wata Laraba da rana Malam Tukur ya kira ni a waya.

"Ɗiyata, ki taho asibiti. Wuyan Habila ya ƙage."

Na same shi an rufe masa ido da ƙyalle, don haske azaba yake ba shi. Jikinsa kamar garwashi. Likita ya ja ni gefe ya ce sun makara da kawo shi, za dai su yi iya ƙoƙarinsu. Na gane abin da bai faɗa ba.

Daga nan gida na wuce, na zube a gaban Baba.

"Baba, ka bari Fasto shi ɗaura muna aure. Yau. Ko bisa gadon asibiti na."

Mama ta tafa hannu. "Auren gawa za ki yi? Ga Filibus lahiya lau shina jiranki."

"Baba, ba gida ni ka roƙo ba, ba biki ba. Suna kawai. In za shi tahi, shi tahi shina mijina."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ɗago kai, har na sa rai.

"Na riga na yi magana," ya ce, ya shige ɗaki.

Washegari da hantsi Habila ya ɗan farfaɗo. Ya lalubi hannuna.

"Afi... Baba ya yarda?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi.

"Bai yarda ba, masoyina."

"Kar ki riƙe shi... tsoro na ba shi rannan. Kowa na tsoron a auna shi."

"Ka tashi ka gaya mishi da bakinka."

"Za ni tashi," ya ce, har da ɗan murmushi. "Sai dai ƙila ba yanzu ba. Afi... kar ki bari su buga mini ƙusa."

"Ka daina."

"Ki yi alkawari."

Na yi masa. Kafin la'asar ya cika.

Ba zan ɓoye ba, a ranar ban yarda da komai ba. Matan zumunta sun cika gidan kawunsa suna waƙar tashin matattu, ni kuwa ji nake kamar in toshe musu baki. Wane tashi? Na taɓa goshinsa, sanyi ƙalau. Na yi fushi da Baba, na yi fushi da Habila, na yi fushi da Allah.

Sai kuma ga matsalar da ba wanda ya taɓa tunaninta. Mai yi wa kowa akwati ya mutu, babu mai yi masa.

Washegari da sassafe Malam Tukur ya iso da akwati a bayan a-kori-kura. Ina ganin jan katakon na gane shi, na gadonmu ne.

"Ki gahwarce ni, ɗiyata," ya ce, idonsa jawur. "Ban taɓa yin irin wanga ba. Katakon da ya rage kuma shi kenan. Amma ƙohwa na iya, na yi mishi awa yadda shi ka yi."

Na ɗaga murfin. Ya buɗu ba ko ƙara.

A maƙabarta rana ta take, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ina tsaye can baya tare da 'yan mata, don ni ba kowa ba ce, ba mata ba, ba dangi ba. Baba yana gaba cikin dattawa. Ban yi zaton zai zo ba.

Fasto ya gama addu'a, matasa suka matso za su saukar da akwatin. Murfin ya ɗan motsa a hannunsu.

"Ku dakata," in ji Filibus. "Wanga aiki bai ƙare ba." Ya karɓi guduma a hannun masu haƙa, ya zaro ƙusoshi daga aljihu.

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na dai ga kaina kwance a kan akwatin, hannuna biyu a shimfiɗe.

"Sai dai ka buga ta cikin hannuna."

"Afiniki, kina ba iyayenki kunya. Ko'ina haka a ka yi."

"Shi ba haka shi ka yi ba! Ya rufe 'ya'yanku da iyayenku, wane na ya kulle? Ƙohwa ta. Za a kira shi, za shi hito."

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji ashe na yarda da ita. Kukan da ya ƙi zuwa tun jiya ya ɓalle mini.

Wata inuwa ta rufe ni. Baba ne. Ya miƙa hannu, Filibus ya ba shi gudumar yana zaton shi zai buga.

Baba ya juya ya jefa ta bayan tarin ƙasa.

"Yaron ga lemu ya kawo mini," ya ce, muryarsa tana karyewa. "Ni na ji tsoron mutuwa, na huce a kainai. Na yi shekaru ina koya wa mutane tashin matattu, ranar da nig ga tef sai na mance. Ku bar mishi ƙohwatai. In ya hito, ina da gahwarar da za ni roƙa."

Ba wanda ya yi motsi. Mama ta rufe fuska da gyale.

Aka saukar da shi a hankali. A wurinmu, in an binne magidanci, matarsa ce take fara zuba ƙasa kafin kowa. Habila bai yi aure ba, don haka Fasto ya miƙa wa kawunsa shebur.

"Dakata, Fasto."

Baba ya sunkuya da ƙyar, ya ɗebo ƙasa da hannunsa, ya kamo nawa ya zuba mini.

"Ga matatai," ya ce. "Ita za ta hwara."

Abin da na roƙa shekaranjiya, yau aka ba ni shi a bakin rami. Ƙasar tana da zafi, na riƙe ta har ta ƙona mini tafi. Sannan na matsa, na buɗe hannu. Ta sauka a kan jan katakon kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Sai da sahe, mijina."