Bindigar Boudreaux Mai Ganga Biyu

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya gama yawo!"

Sha ɗayan safe, shagon gwal na tsoho Hargrove a garin Lubbock, jihar Texas. Ogan namu Boudreaux ne ke ihu, fuska a rufe. Ƙanena Tito yana zuba sarƙoƙi a jaka. Ni ina mota, ƙafa kan totur, ina hangen su ta gilashi.

Maigadi ya kai hannu ƙugu, Boudreaux ya riga shi — tau! tau! Maigadin ya zube. Matar Hargrove ta ƙwala ihu. Suka faɗo mota, na fizge ta.

"Wa ya ce ka kashe shi?" in ji Tito.

"Rufe min baki, ragon banza."

Boudreaux ya fito da abar ƙaunarsa, 'yar bindiga da ba ta wuce tafin hannu ba, dala dubu huɗu, kullum cikin goge ta yake. Ya zare gangar da ke juya harsasai, ya sa wata.

"Da harsashi lamba tara na harba. Yanzu ta koma mai cin manyan harsasai. Su je su nemi mai lamba tara!"

Ya karɓe bindigar Tito, wai don tsaro, ya cilla ta tafki. Ta Tito kuwa lamba tara take ci, ga shi ba ta nan balle a gwada ta ta wanke shi.

Bayan kwana biyu wani ya buga wa 'yan sanda waya. Suka damƙe Tito a wurin wankin mota, da ragowar harsasai a aljihu. Jami'ar bincike, Wanda Pruitt, ba ta ɓoye min ba.

"Harsashin gawa lamba tara ne, na aljihunsa ma haka. Nan Texas ce, Ronetta. Allurar kisa za a nema masa."

Abin da Boudreaux bai sani ba, shekara tara na yi ina share shagon gyaran bindiga na babanmu. Na sami Boudreaux a bayan gidansa yana gasa haƙarƙari, bindigar na kan tebur kusa da giya.

"'Yar gari, zo ki ci nama. Ƙaddara ce ta faɗa wa yaron."

Na ɗauke ta, na saita masa ciki.

"Ke! Ajiye, ba kayan mata ba ne!"

"Ganga ka canja, jaki. Bututun fa? Shi ke zana wa harsashi shaida, kuma guda ɗaya ne da ita."

Murmushinsa ya ɓace. "In kika kai ta, ke ma kin tafi. Ke ce direba!"

"Na sani."

Na dire bindigar kan teburin Pruitt da kaina. Ta dube ta, ta dube ni.

"Kin san abin da kika jawo wa kanki?"

"Ku gwada bututun. Ga hannuna."

Zanen bututun ya dace da na harsashin gawa. Maigadin, Alvin Tate, ya bar 'ya'ya uku, wannan kam har kabari ina ɗauke da shi. Ni aka yanke min ɗaurin shekara goma sha biyar, Tito ashirin da biyar. Boudreaux yana layin allura.

A kotu Boudreaux ya yi min tofi, ya kira ni maciya amana. Na ce ya ƙara da ƙarfi, ban ji ba. Wasiƙar Tito tana zuwa duk Talata, rubutun kamar tafiyar kaza, kuma da ransa yake rubuto ta.