Gilashin Preben

Rana na gangarawa cikin teku, Jytte na jera faranti a kan tebur, sai dutse na farko ya daki gilashin. Ƙas, sau ɗaya. Ta ɗago kai.

Watansu huɗu ke nan a gidan. Mijinta Preben ya yi ritaya daga aikin inshora, ya sayar da gidansu na birni, ya sayi tsohon gidan masunta a bakin ruwa. Duk tsofaffin gidajen ƙauyen sun juya wa teku baya, bango ne kurum, ba ko huda. Preben ya ce jahilci ne. Ya kawo magina suka rushe bangon da murhun da ke jikinsa, aka kafa gilashi tun daga ƙasa har rufi. Kullum da yamma sai ya baje a gabansa da kofin giya, kai ka ce shi ya haƙa tekun.

"'Ya'yan masunta ne," in ji shi, ko juyowa bai yi ba. "Hassada ce ke cin iyayensu."

Jytte ta leƙa waje. Babu sawun kowa a kan yashi. Dutsen kuwa jiƙe yake sharkaf, ciyawar teku nannaɗe da shi. Washegari duwatsu uku suka faɗo. Daga nan ta daina ƙirgawa.

Ana haka 'yarsu Sidsel ta zo hutu. A yamma ta uku aka neme ta aka rasa. Jytte ta same ta a waje, ba takalmi, ta jingina bayanta da gilashin, ruwan gishiri na ɗiga daga gashinta alhali ko yayyafi ba a yi ba. Ta kira sunanta. Muryar da ta amsa ta wani dattijo ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

Likita ya ce gajiya ce, ya rubuta ƙwayoyi. Kwana biyar yarinya ba ta ci ba. Jytte ta ɗauki keke a ɓoye ta tafi wurin Kresten, tsohon faston ƙauyen, wanda ya yi jana'izar masunta da yawa ba tare da gawa ba.

Ya iso da magariba. Ya zauna gaban Sidsel, ya buɗe wani littafi da gefensa ya cinye, ya yi ta karantawa a hankali. Ɗakin ya yi tsit. Sanyi ya taso daga ƙasa.

"Kresten," in ji muryar, "ka tsufa."

"Kai kuma har yau ba ka koyi ƙwanƙwasa ƙofa ba. Me kake nema a jikin 'yar mutane?"

"Ɗumi. Tun kafin a haifi kakanka muke fitowa daga ruwa mu jingina da bangon nan. Yanzu sai gilashi mai sanyi, ga wannan mai tumbin ya zuba mana ido kamar yana kallon talabijin."

"Gidana ne," in ji Preben daga bayan kujera. "Ina da takardu."

Bakin Sidsel ya yi dariya, idonta bai yi ba.

Aka shiga ciniki. Aljanin ya ce zai riƙe ta har a gama gini. Kresten ya ce a'a, yau zai sake ta, bango kuma zai tashi kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Faston ya nemi a bar rabin gilashin, aljanin ya ƙi.

"Bango duka, har da murhun. Kuma maigidan ya faɗa da bakinsa."

Kowa ya juya ga Preben. Shi kuwa tekun yake kallo, inda jan rana ya kwanta a kan ruwa. Agogo na ta bugawa. Jytte na kallon leɓen 'yarta da ya koma shuɗi.

"To," in ji shi daga ƙarshe, "labule mai kauri fa? Ba zai wadatar ba?"

"Preben!" Jytte ba ta san tana da irin wannan muryar ba.

Ya sunkuyar da kai, ya ce ya yarda. Sidsel ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Ɗakin ya ɗauki warin kifi, can kuma ya washe.

Da safe Sidsel ta sha kofi, ta ci burodi yanka biyu. Jytte na ta ƙara mata man shanu.

"Mama, ina jin komai fa jiya."

"Ci abincinki, 'yar nan."

"Labule ya ce, ko?"

"Ba ki ji daidai ba. Nan take ya amsa."

Sidsel ta dubi falo. Uban na tsaye gaban gilashin da abin awo, yana lissafin ko za a iya bar masa 'yar taga a sama. Ta ajiye kofin a hankali.

"Ƙarfe nawa motar birni ke tashi?"