Gajeriyar Igiya a Fuloti na Sha Huɗu

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis aka bugo waya caji ofis daga Kanale, unguwar masu kuɗin nan da aka haƙa wa mashigan ruwa daga teku don kowa ya ajiye jirginsa a bayan gida. Wai an sace injin ƙaramin jirgin Dakta Nel, kuma wai an riga an kama ɓarawon.

Sufeto Lulama Dyani ta ajiye shayinta. Shekara goma sha tara tana aiki a wannan gaɓa, kuma ta lura duk sanda mutanen Kanale suka kama ɓarawo da kansu, sai ka tarar mutum ne daga unguwar kwano ta kan tudu.

Fuloti na sha huɗu shi ne fili ɗaya tak da ya rage ba a gina ba. Ciyawa ce kawai, sai katangar siminti a bakin ruwa da turken ƙarfe guda. Maigadi na tsaye riƙe da hannun rigar wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa.

Ta san shi. Oom Sakkie Fortuin ne, wato Kawu Sakkie, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana tuƙa jiragen kamun coka, kifin nan mai hannuwa da ake lodawa Turai. Garin kaf an san ya zuba kuɗin sallamarsa a wannan fili, don ya samu inda zai ɗaure ɗan jirginsa ya daina roƙon mota ta ja masa shi zuwa bakin teku. Mai filin tana ƙasar waje, ita ta yarje masa ya fara ajiye jirgin kafin a gama takardu.

"Sake shi," in ji Sufeto. "Ina zai gudu, cikin ruwa?"

Maigadin ya sake shi, ya nuna ƙasa. "A ƙarƙashin tamfol ɗinsa na samu injin, ranki ya daɗe. Ciyaman na ƙungiyar unguwa ne ya ce in bincika jiragen baƙi."

Ta leƙa. Ruwa ya janye, katangar ta fito tsirara har tsawon mutum. Jirgin Oom Sakkie yana rataye a jikin turke, hancinsa sama, gindinsa ya sha ruwa. Ragowar igiyar kuma an naɗe ta a kan siminti, zagaye-zagaye kamar faifai.

"Oom, kai ka ɗauki injin?"

"'Yata, bar maganar inji." Ya nuna jirgin. "Dubi abin da aka yi wa jirgina! In kin ga dama rubuta ni ɓarawo, amma kar ki kuskura ki rubuta cewa ni na yi wannan ɗaurin. Ruwan nan yana hawa yana sauka sau biyu a rana. Ko ɗan shekara bakwai a unguwarmu ya san ana sakar wa igiya tsawo. Gaba huɗu nake bari."

"Jiya da rana kana ina?"

"Garin Humansdorp, ofishin dillaliyar filaye. Daga biyu har huɗu." Ya share fuska da hularsa. "Gobe sha biyun rana wa'adi zai cika. In ƙungiyar unguwa ba ta sa hannu ta karɓe ni ba, ciniki ya warware. Kuma dokarsu ta ce ba sa karɓar mai tuhuma a kansa."

Sufeto ta ɗauki hoton ɗaurin ta kowane ɓangare. Ranta ya fara ɓaci tun ba a je ko'ina ba.

Gidan Dakta Nel na uku ne daga filin. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya, ja kamar an gasa shi, sanye da gajeren wando. Ya tare ta a dandamalin katako na bayan gidansa, irin wanda ke yawo a kan ganguna, ruwa ya hau ya hau da shi, ya sauka ya sauka da shi. Duk gidajen Kanale irinsa gare su.

"Na ga mutumin yana leƙen jirgina jiya," in ji shi.

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen uku."

"Kana ina ka gan shi?"

"Nan. Wato, ta taga."

"Dakta, matarka ce ta buɗe mini ƙofa. Ta ce tun sha biyu kana filin golf, sai biyar ka dawo ka tarar babu inji. Tagar filin golf ɗin ce ke kallon nan?"

Jan fuskarsa ya ƙaru. Ya kalli ƙafafunsa.

"Gaskiya ban gan shi da idona ba. An dai ce mini in na faɗi haka za ku fi saurin aiki."

"Wa ya ce?"

"Maƙwabci ne. Shawara kawai ya ba ni."

Ba ta matsa ba. Ta tsuguna ta ɗauki kwaɗon da ake kulle injin da shi. Yana buɗe, ko ƙwarzane babu.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a aljihuna. Ɗayan yana hannun ciyaman, kamar na kowa, saboda mun fi zama Pretoria."

Ta zaro jadawalin cikar ruwa da kowane shago a garin ke rabawa kyauta. Jiya Laraba teku ta cika maƙil ƙarfe uku da minti biyar. Wanda ya jawo jirgin Oom Sakkie ya manna shi da katanga don ya zura inji, a lokacin ya yi, sanda jirgin ke daidai da bakin siminti.

Tafiyar minti ashirin ce zuwa Humansdorp. Madam Kotze, dillaliyar filaye, ta tarbe ta da murmushin da ya fi na hotonta na kan allo faɗi.

"Mista Fortuin? Ai bai zo jiya ba. Na jira shi har na gaji. Kin san mutanen nan da lokaci."

"Waɗanne mutane?"

Murmushin ya ɗan motsa. "Masunta nake nufi."

Sufeto ta shaƙi iska. Duk turaren da aka fesa bai ɓoye ƙarnin ba. Ta wuce kai tsaye ta buɗe ƙaramin firjin da ke bayan tebur. Ga ƙunshin coka nan, manya guda shida, a naɗe cikin jarida. Ta warware kusurwar ta karanta kwanan wata da ƙarfi.

"Laraba. Madam, kifin ne ya hau mota ya kawo kansa?"

Madam Kotze ta kau da kai.

"Mutum ya kawo miki tsaraba don murna, kin karɓa kin sa a firji, yau kuma kina so ki tura shi kurkuku da bakinki. Ko kunyar kifin ba ki ji ba?"

Madam Kotze ta zauna jagwab. Ta ce ya zo, ya zauna har huɗu saura. Ta ce akwai wani kamfani da ya taya filin da ƙarin rand dubu ɗari uku bayan an riga an sa hannu da Oom Sakkie, kuma in cinikinsa ya mutu gobe, kamfanin ne a layi. Da safen nan aka kira ta aka ce ta manta da zuwansa.

"Kamfanin na wa?"

Ta turo fayil ba ta ɗago kai ba. Sunan mace ne a takardar, Nosipho Jali. Sufeto ta san sunan, don ta taɓa kai sammacin tarar mota gidan da matar ke aure.

Gidan yana manne da fuloti na sha huɗu. Mista Fezile Makinana, ɗan kwangilar tituna daga Johannesburg, shi ne ciyaman na ƙungiyar unguwa, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya taɓa mallakar gida a Kanale. Ya fito da hannu biyu a buɗe.

"Sisi!" in ji shi, wato 'yar'uwa a yaren su biyun. "Shigo mana. Abin baƙin ciki, wallahi. Ni da na fi kowa son dattijon nan ya shigo cikinmu."

"Jiya ƙarfe uku kana ina, Mista Makinana?"

"Barci. Bayana ke ciwo."

"Tun yaushe?"

"Tun... ai tsufa ne, sisi."

"Makullin Dakta Nel?"

"Yana cikin durowa, watanni ban taɓa shi ba."

Ta taka zuwa dandamalinsa. Wani farin jirgi ne ɗaure a wurin, an matse shi da katako tamau, ragowar igiyar a naɗe zagaye-zagaye.

"Ɗauri mai tsafta," in ji ta.

Ya yi dariyar jin daɗi. "A kulob ɗinmu na dam ɗin Vaal aka koya mana. Shekara ashirin ina tuƙi a can."

Dam, inda ruwa ke kwance wuri ɗaya daga safe har yamma. Ta gode masa, ta ce ya zo filin ƙarfe huɗu don a rufe magana gaban shaidu.

Ƙarfe huɗu ruwa ya dawo ya cika mashigin. Oom Sakkie ya kwarfe jirginsa ya zagaya da shi, kamar yadda ta umarce shi. Dakta Nel da maigadi suna tsaye a kan ciyawa. Da jirgin ya matso, Sufeto ta cafe igiyar ta miƙa wa ciyaman.

"Taimaka mana, hannuna da takardu."

Makinana ya karɓa da fara'a. Ya jawo jirgin har ya daki siminti, ya zagaya turke sau uku, ya ja ya tamke, sannan ya tsuguna da ƙyar yana dafe da baya, ya naɗe ragowar a ƙasa.

"Haba Fezile," in ji Dakta Nel, bai ma san me yake faɗa ba. "Wannan ai ba dandamali ba ne. In ruwa ya janye, rataye jirgin za ka..."

Ya dubi igiyar, ya dubi Makinana.

Sufeto ta ajiye hoton safe a kan siminti, kusa da sabon naɗin. Ko makaho ya shafa zai ce hannu ɗaya ne.

"Makulli a hannunka. Kamfanin da sunan matarka na gidan iyayenta aka buɗe shi. Kai ka aiki maigadi, kai ka sa wa Dakta magana a baki, kai ka kira dillaliya. Inji mai nauyin buhun siminti ka ɗaga kai kaɗai, shi ya sa bayanka ke ciwo. In kira masu ɗaukar zanen yatsu, ko za ka hutar da mu?"

Makinana ya miƙe a hankali. Fara'ar ta tafi.

"Sisi, mu yi magana a ciki, mu biyu. Ni da ke ai gida ɗaya ne."

"Sufeto Dyani. A nan za ka yi ta."

Ya dubi gidajen da ke jere a bakin ruwa, inda labule ya fara motsi.

"Ni na ɗauka," in ji shi. "Da 'yar motar golf na kawo shi. Amma ke ba ki san abin da na sha a unguwar nan ba. Shekarata ta farko wata mata ta tsayar da ni a ƙofar gidana ta tambaye ni ko maigidan na nan. Shekara goma sha ɗaya ina haɗiye irin wannan kafin su ba ni kujera. Yanzu a ce masunci ya kafa rumfa a jikin katangata, yana shanya koma, yana wanke kifi? Ba shi za su zaga ba, ni za su kalla. Za su ce ga shi nan, ya buɗe wa 'yan uwansa ƙofa. Na ba da kuɗi sama da nasa, aka ce an makara. Me ya rage in yi?"

Sufeto ta dube shi sama da ƙasa. Ta sha kama masu fasa shago don yunwa, ba ta taɓa jin ƙyamar ɗayansu kamar yadda ta ji a wannan lokaci ba.

"Sai ka zaɓi dattijo ya kwana a sel."

"Da an sake shi bayan gobe. Ba wanda zai mutu."

Ta juya ga Dakta Nel. "Wa ke sa hannu in ciyaman ba ya nan?"

"Mataimaki." Ya dafa ƙirjinsa. "Ni ne."

"Ka yi wa 'yan sanda ƙarya yau da safe, za mu zo kan wannan. Kana da biro?"

A kan murfin motar 'yan sanda ya sa hannu.

Oom Sakkie ya hauro kan katanga. Bai karɓi takardar ba tukuna. Ya tsaya gaban Makinana, ya ɗaga kai yana kallonsa, don ko kafaɗarsa bai kai ba.

"Ranar da ka tare a gidan nan muna teku," in ji shi. "A rediyon jirgi labari ya iske mu. Mu ashirin da biyu, mun kwana tara ba wanka, muka tashi muna ihu kamar mun ci kofi. Cewa muke yi namu ya shiga Kanale."

Makinana ya sunkuyar da kai.

Sufeto ta zaro ankwa. Ya ja da baya, ya rage murya.

"Don Allah, Sufeto. Bari in bi ki a motata. Ko ta ƙofar baya. Maƙwabta suna kallo."

"Tun safe suke kallo," in ji ta. "Sanda aka riƙe hannun rigar Oom ba ka nema masa ƙofar baya ba."

Ta ɗaura masa ankwar, ta bi da shi ta tsakiyar ciyawa zuwa titi, a hankali, ba ta gaggauta ko taku ɗaya ba.